Ranar da Na Yi wa Kawu Likkafani

Zuwa ga Yaya Sauda,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, amin. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai sanyi.

Na ji Kawu Munkaila ya bugo wa Baba waya, wai na kashe shi da ransa, a mai da ni Kano. To ki ji daga bakin mai laifin. Ƙanƙara ta tsayar da jiragen ƙasa ana gab da sallar Sinawa ta sabuwar shekara, masu tafiya gida suka maƙale a tasha, jama'a kamar ranar Arfa. Muna fitowa daga kasuwar Baima bayan azahar muka tarar an rufe titin Liuhua da ke kusa da tashar, ba tasi, ba bas. Nan asmar Kawu ta tashi, maganin kuma yana ɗaki. Na ce ya hau baron kayanmu in tura shi, ya hau, amma ko taku ɗaya ba a matsa mana ba. Na yi magiya da Hausa, na yi da hannu, a banza. Leɓensa har ya fara canza launi.

Yaya, kin san ni. Na ce ya kwanta, na zaro farar shadda daga dila na lulluɓe shi, na bar masa kafar numfashi, na cire hula na kama salati da ƙarfi ina sharar hawaye. Wallahi sai ga hanya ta buɗe! Ashe su ma ba mai son haɗa kafaɗa da gawa a bakin sabuwar shekara. Ni ba Turanci ba, balle rubutunsu na allunan hanya, sai na bi ƙarƙashin gadar sama da na san ta wuce bayan gidanmu, har na jiyo ƙanshin tsiren Musulmin unguwarmu. A nan mamacin ya yi tari, wata tsohuwa ta watsar da lemunta ta zura da gudu.

Da muka isa ɗaki ya shaƙi magani, numfashi ya dawo, abin da ya fara yi da shi kuwa zagina. Wai na yi masa mugun fata, wai ɗan'uwan uwa ba abin wasa ba ne. Na ba shi haƙuri kan salatin, amma ban da shaddar, don gobe ma aka sake haka zan yi. Ki gaya wa Baba ina girmama maganarsa, amma ba zan dawo a kan wannan ba. In Kawu ya kore ni daga ɗakinsa, zan yi dako a Baima. Gara ya yi fushi da ni yana tsaye da a turo muku shi a akwati ana yabon ladabina.

Ki gaishe da Inna, da Alhasan, da Ma'azu sarkin tsoro. Matar Kawu kuma ki ce mata ta ajiye takaba, ba yanzu ba.

Ƙaninki,
Kallamu