Na Ga Mijina Yana Ɗibar Ƙasar Sawun Yayana

Assalamu alaikum Hajiya Uwa. Don girman Allah ki taimake ni kafin Juma'a, domin na ɗebo ruwan dafa kaina, na kuma haɗa da mijina. Ki sakaya sunana.

Shekararmu huɗu a Dubai, muna zaune a Abu Hail. Maigidana yana aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a Deira. Mutum ne marar magana, irin wanda sai kin yi tambaya uku ki samu amsa ɗaya. Bara wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya koya masa wani abu, wasa ne ko sana'a ni dai ban sani ba. 'Yan mutum-mutumi ne na roba, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, siffar mayaƙan Turawan da, da sulke da kwalkwali da garkuwa, wasu a kan dawaki, wasu har da ƙaho da fukafukai. Yakan sayo su a kwali, ya haɗa su da gam, ya zauna yana yi musu fenti da wani buroshi siriri kamar tsinken tsintsiya. Ran Asabar ya jera su a akwati ya tafi wani shago a Karama, wai suna gwabza yaƙi da su a kan tebur. Da farko dariya nake masa, ina cewa gara wannan da zaman shisha.

Makonni uku da suka wuce Yaya Ɗalhatu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayen yadi a Bur Dubai, ya zo cin abincin rana da baƙi biyu. Ya ga mayaƙan a kan kanta, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya suɓuce masa, ƙafar hagu ta karye. Maimakon ya ba da haƙuri sai ya fashe da dariya, wai ashe mai wasan 'yar tsana aka ba ƙanwarsa, wai maigidana ya ji tsoron Allah ya fitar da gumaka daga gida. A gaban baƙi fa. Maigidana ya tsuguna ya tsince gutsattsarin, amma na ga wata fuska da ban taɓa gani a tare da shi ba.

Bayan tafiyarsu ina wanke-wanke, sai na hango shi ta taga a filin yashin da ake ajiye motoci. Ya tsuguna daidai inda Yaya ya tsaya ya buɗe mota, yana ɗibar ƙasa da cokali yana zubawa a robar yogot. Hajiya, ke kin san abin da ɗibar ƙasar sawu take nufi a wurinmu. Washegari na leƙa shi ya huda karyayyar ƙafar nan, ya cusa wani ƙarfe kamar allura a ciki, ya manne, sannan ya barbaɗa ƙasar a ƙarƙashin ƙafafun mutum-mutumin. Kuma kafin ya shafa fenti sai ya sa bakin buroshin a bakinsa. Daga ranar ya sayo kwaɗo ya kulle kantar.

Kwana tara a tsakani ƙafar Yaya ta kumbura. Ta hagu. Yanzu ko banɗaki sai an riƙe shi, kuma ya ƙi asibiti, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Laifina ne ya faɗi haka. Na ɗauki bidiyon maigidana a ɓoye yana aikin allurar nan na tura wa Umma a Kano, wallahi don ta taya ni addu'a kawai. Ita kuma ta gaya wa Yaya, sannan ta tura wa ƙaninta Kawu Sanda, wanda ya fi shekara ashirin a garin nan, kowa yana jin maganarsa. Kawu ya ce in kawo masa mutum-mutumin bayan sallar Juma'a, zai haɗa da bidiyon ya kai wa 'yan sanda, tunda hukuma a nan ba ta wasa da maganar tsafi.

Na saci mukullin kantar na ɗauke mutum-mutumin. Yana cikin jakata, na naɗe shi a hankici. Kwana uku maigidana yana dube-dube, ƙarƙashin kujera, bayan firji, bai tambaye ni ba. Jiya na ga ya daɗe yana kallon jakar. Tsoro nake ji. Ina son mijina, ban taɓa ganin sallah ta wuce shi ba, amma idona ya ga abin da ya gani. In na kai, ƙila kurkuku ne da kora daga ƙasar. In na ƙi kuma Yaya ya rasa ƙafa, da wane ido zan kalli Umma? Ki faɗa mini abin yi.

Taki, Mai Nauyin Jaka, Abu Hail.

Amsar Hajiya Uwa

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki kai wa Kawu komai. Wannan shi ne na farko, sauran bayani ya biyo baya.

Da na karanta wasiƙarki na nemi masu irin wannan wasa na tambaya, na kuma kalli yadda ake koyar da shi a waya. Duk abubuwa ukun da suka tayar miki da hankali aikinsu ne na kullum. Gam kaɗai ba ya riƙe siririyar ƙafa, sai an huda an sa ɗan ƙarfe a ciki. Yashi ake barbaɗawa a gindin kowane ɗaya don ya yi kama da filin daga. Buroshin kuma lasarsa suke yi don bakinsa ya yi tsini, ƙazanta ce kawai. Ban shiga zuciyar mijinki ba, Allah kaɗai ya san ta. Amma mai neman yashi a Abu Hail ba zai tafi hamada ba alhali ga fili a ƙofar gida. Kin ga abu kin ba shi suna, ba ki tambayi mai shi ba, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Shi ma ban wanke shi tas ba. Bahaushe ne, ya san yadda ake kallon wanda ya tsuguna a sawun wani da cokali. Shirunsa da kwaɗon da ya sa su suka ba tsoronki wurin zama. Maganar ajiye mutum-mutumi a gida kuwa, malamai suna da abin faɗi a kanta, ku je ku tambayi wanda kuka yarda da iliminsa. Amma ita daban, zargin sammu daban, kada a cakuɗa su.

Abin da ya fi gaggawa ƙafar yayanki. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya tana iya zama gudan jini a jijiya, kuma wannan yana kisa. A kai shi asibiti yau, ko da rarrashi ko da faɗa. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Ki kira Umma ki gaya mata gaskiya, cewa kin gani ne ba ki tambaya ba, ki roƙe ta ta dakatar da ƙaninta. Ki tuna wa Kawu cewa ofishin 'yan sandan nan ba ƙofar mai unguwa ba ce, da za a koma gobe a ce a yi haƙuri a janye. Ɗaukar mutum bidiyo a ɓoye ma abin tuhuma ne a ƙasar nan, ke kanki kina iya shiga ciki.

Saura mai wuyar. Ki fito da abin nan daga jaka ki sa a hannun mijinki, ki faɗa masa komai, har bidiyon, har Kawu. Ba zan ruɗe ki ba: zai ji cewa matar da yake ci daga hannunta ta yi mako uku tana kallonsa a matsayin matsafi, kuma mai shiru irinsa ba ya hucewa da wuri. Ƙila ki daɗe kina biyan wannan. Amma gara ya ji daga bakinki a ɗakinku, da ya ji daga bakin ɗan sanda. Yau za ki yi, kada ki jira Alhamis.

Allah ya ba yayanki lafiya, ya sanyaya zuciyar mijinki, ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.

Hajiya Uwa