Takardar Gonar Baba Mijinyawa

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Baba Mijinyawa na Mandera ya zo ofishin ƙungiyar manoma neman takardar gonarsa ta 1981. Ɗan ƙanensa ya ci masa iyaka, ranar Litinin mai zuwa za su gaban hakimi. Ta asali gara ta cinye, sai wadda muka ɗauka a na'ura. Na buɗe jakar Mandera a cikin na'urar. Wayam.
Na ce masa babu wuta. Fanka na juyawa a kanmu.

Talata, 4 ga Yuni
Ni na goge jakar. Wuri nake nema wa finafinan da nake tura wa mutane a waya ran kasuwar Bodinga.
Injiniya Safinatu, da ta kafa mana akwatin nan na ajiyar takardu mai faifai takwas, ta ce kullum da safe in buga umarni a baƙin allo, ya ɗauki hoton duk abin da ke ciki a daidai lokacin. Layi ɗaya tak. Na ce mata, "Hajiya, ni da na sayar da waya shekara tara?" Yau na buga na jera hotunan. Na ƙarshe 8 ga Maris. Tun kafin azumi rabona da buga shi.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na sake buɗe jakar Mandera, har yanzu wayam.

Juma'a, 7 ga Yuni
Na rubuta umarnin mayar da akwatin zuwa Maris, yatsana a kan maɓalli. Sai na tuna: in na danna, takardun ƙauyen Horo Birni da muka shigar bayan salla duk sun tafi. Gonaki sittin da wani abu. Na janye hannu.
Baba ya sake zuwa da albasa a buhu. "Sodangi ɗana, mi ac ciki?" Na ce komai lafiya. Na karɓi albasar ma, Allah shi yafe mini.

Asabar, 8 ga Yuni
Na kira Safinatu. Na fara da labarin wuta, ƙaryar ta ƙare da kanta, na faɗa mata gaskiya. Sannan ta karanto mini yadda ake buɗe tsohon hoto a gefe, ba tare da an taɓa na yau ba.
Takardar na nan. Shafin farko kawai. Na biyu, mai iyakoki da sunayen shaidu, a Afrilu Baba ya kawo shi. Hoton Maris bai san da shi ba.
Amma ni na karanta shi. Iyakar daga tsamiya take zuwa tsohuwar rijiya.

Litinin, 10 ga Yuni
Hakimi ya ce wa ya ga shafi na biyu. Ban yi niyyar tashi ba, ƙafafuna ne. Ya ce to ina yake. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na goge shi." Gaban shugaban ƙungiya.
Na faɗi iyakar da na karanta, an aika a duba rijiyar. Baba bai dube ni ba.
Gobe in sun bar ni na shiga ofis, zan je da wuri in buga umarnin Safinatu.