Jitar da Ka Bar Mini Ajiya

Anacha, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Abdulhafiz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, kuma ciwon bayan da zaman keken ɗinki ya jawo maka ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nema, Ya raba ka da sharrin zaman baƙunta a Jidda. Mu nan alhamdulillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafa har ta koma islamiyya, sai dai har yanzu tana ƙara gishiri a ɓoye, wai likitan bai san daɗin miya ba. Ummi ta shiga aji uku, Ibo a bakinta ya fi nawa, in tana faɗa da 'ya'yan maƙwabta sai dai in riƙe haɓa. Baban Ummi yana can kasuwar Ose yana fama da albasa, bana ruwa ya ɓata hanya, kafin mota ta iso rabin kaya ya tsiro.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali kusan kullum muna waya. Sau uku ina danna lambarka ina kashewa. Maganar da ke tafe da ni ba ta bakin da zai iya faɗinta da murya ba ce, shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura maka. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci. Gaskiyar magana ita ce jitar Mazi Ezenwa, malaminka na kiɗa, wadda ya ba ka, ba ta lalace ba. Ruwan ambaliya ko ƙafar sif bai taɓa ba, balle ya kai samansa. Ƙarya na yi maka, kai kuma ka ɗauki ƙaryata da zuciya ɗaya ka kai wa mutanen da kake jin kunyarsu.

Bari in faro maka daga tushe. Ka tuna ranar da za ka tafi, shekara bakwai ke nan, ka kawo ta ɗakina a akwatinta ka ɗora saman sif. Ka ce ajiya ce, kada a buɗe sai lokacin damina don ta sha iska, saboda danshin garin nan ba ya barin komai. Ka ce ni ka zaɓa domin duk gidanmu ni ce ba ruwana da kiɗa. Wallahi a lokacin gaskiyarka ne. An ba ni mandiri a islamiyya na kasa, a bikin Yaya Ruwaida an miƙo mini ƙwarya sai da aka ƙwace, wai ina ɓata wa mutane rawa. Ashe dai kura ka ba ajiyar nama, ita kanta kurar ba ta san tana cin nama ba.

Damina ta biyu na sauko da ita don in goge fumfuna. Ina goga tsumma sai ɗan yatsana ya taɓa tsirkiya mai kaurin nan, ta yi wata ƙara ƙasa-ƙasa da na ji ta har cikin haƙarƙarina. Na zauna a bakin gado na sake taɓawa. Ranar sai da wake ya kama a tukunya. Daga nan ya zama kullum in Ummi ta tafi makaranta, mai injin niƙa na bayan gidanmu ya tayar da injinsa, sai in saka sakata in ɗauko ta, domin ƙarar injin tana rufa mini asiri. Wata shida ina kaɗa ta haka ba wuta, kamar mai raɗa. Ranar da na yi ƙarfin halin jona ta da 'yar sifikar da ka bari, na sa iyafis a kunne, Yaya, kuka na yi. Ban taɓa sanin akwai wata murya a cikina da ba ta fita ta baki ba sai ranar. Ka san ni da shiru tun muna yara, ko da Baba ya rasu kowa ya yi kuka ni na kasa. To kukan nan a wuyan jitar na same shi.

A nan ne na yi ɓarna ta farko. Kai bahago ne, Mazi ma bahago ne, ai abin da ya haɗa ku ke nan tun muna gidan haya ɗaya da su, lokacin da Baba ke buge maka hannun hagu a kwanon tuwo, shi kuma Mazi yana cewa a bar masa kai. Ni kuwa da dama nake komai, sai na ga duk abin da nake koyo a waya a juye yake zo mini. Sai na naɗe ta a zani na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a kasuwar Ochanja, na ce ta mijina ce. Ya ce asalinta ma ta 'yan dama ce, wani ne ya juya ta. Ya sake jera tsirkiyoyin, ya ce dole kuma a cire ɗan ƙashin nan na can saman wuya inda suke kwanciya, a sa na roba. Na ce ya cire. Ina kallo ya jefa shi cikin kwandon shara. Sai daga baya na tuna ka taɓa ba ni labarin Mazi da hannunsa ya sassaƙa shi daga ƙashin saniya da mahautanmu suka ba shi a kwata. Na lura dattijon ya daɗe yana kallon tabon taba sigari da ke kan jitar, amma ban kawo komai a raina ba.

Baban Ummi ya kama ni a shekara ta uku, ya dawo ɗaukar makullin rumfa. Na zaci gari zai tashi, sai ya tsaya ya saurara, ya ce in dai ba zan fita da ita waje ba, kuma ba za ta hana ni salla a kan lokaci ba, shi bai ga komai ba. Abu ɗaya ya ƙara, ya ce in sanar da mai kaya. Na ce to. Shekara huɗu ke nan ina cewa to. Kullum ka tambaye ni lafiyar ajiya sai in ce tana nan yadda ka bar ta, kai kuma ka yi ta sa mini albarka.

Sai ga wayarka wata biyu da suka wuce, muryarka a dushe, ka ce Mazi ya rasu, gawarsa tana mutuware sai dangi sun gama shiri kamar yadda suke yi. Ka ce ɗansa Ikenna ya kira ka daga Fatakwal, yana roƙon a mayar da jitar domin tsofaffin abokan kiɗan babansa su kaɗa ta ranar binnewa, daga nan a rataye ta a ɗakinsa na ƙauye. Ka ce ka amsa masa tun kafin ya rufe baki. Yaya, ban shirya ƙaryar nan ba, fitowa kawai ta yi. Na ji bakina yana cewa ruwa ya ci ta tun ambaliyar bara waccan, katakon ya kumbura, na jefar, tsoro ya hana ni faɗa maka. A lokacin tana kwance a kan cinyata. Sai ka shiga lallashina, ka ce kada in damu, laifinka ne da ka bar wa ƙanwarka nauyin da ba nata ba. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Tun ranar abinci bai sake yi mini daɗi ba, amma kada in ƙara maka wata ƙaryar, ban daina kaɗa ta ba.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ranar Juma'ar da ta wuce Mama Ikenna, matar Mazi, ta bi ta rumfar Baban Ummi a Ose, ya gaishe ta kamar kullum ta ƙi amsawa. Sai da ta wuce ta dawo ta tsaya a gaban mutane. Ta ce ba ta taɓa zaton ɗan Malam, wato kai, zai yi mata ƙarya a kan gawar mijinta ba, yaron da ya ci abinci a ɗakinta. Ta ce mai gyaran nan na Ochanja tare suka yi yawon kiɗa da Mazi, ya gane jitar, kuma ko watan jiya an je wurinsa sayen tsirkiyarta. In ka sayar da ita ne, in ji ta, ai da ka faɗa. Baban Ummi ya dawo gida bai ɗaga murya ba, ya maimaita mini maganarta tiryan-tiryan, ya ture kwanon abinci ya fita masallaci. Ka ga ni na yi sata, kai aka kama.

Ranar Litinin na mayar da ita wurin dattijon ya juya tsirkiyoyin zuwa hagu, ƙashin dai ya tafi ke nan, wani na roba ya sa. Daga can na hau keke mai ƙafa uku na wuce gidan Mazi. Na tarar da Mama Ikenna da Ikenna da wasu dangi a falo. Na ajiye akwatin a tsakiya, na durƙusa na faɗi komai da Ibo, don kada a ce wani abu ya ɓace a fassara. Na ce kai ba ka san komai ba, ni ce nake kaɗa ta, ni ce na ƙi rabuwa da ita. Ka san abin da ya faru? Dariya Ikenna ya yi. Ya ce ya yaba mini, ƙanwar kirki ce ni da na zo rufa wa yayana asiri, amma shi a Anacha aka haife shi, bai taɓa ganin matar Bahaushe da hijabi har ƙasa tana kaɗa jita ba. Ya buɗe akwatin ya miƙo mini, ya ce in gaskiya ne in kaɗa su ji. Na karɓa, sai na tuna da hannuna na sa aka juya ta. Duk inda na ɗora yatsa ba nan ba ne. Abin da ya fito ko Ummi sai ta fi shi. Na ga gaskiyar ma da na kawo ta ƙi karɓuwa.

Mama Ikenna ce ta ce in matso. Ta kama hannuna na hagu ta juya shi, ta bi kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta, tana taɓa kantar da tsirkiya ta yi musu. Ta ce shekara arba'in da ɗaya tana riƙe hannu irin wannan, ba wanki ke yin sa ba, ba daka ba. Ta saki hannun ta ce wa ɗanta gaskiya yarinyar ta faɗa. Sannan ta dube ni ta ce na makara. Ashe a taron dangi ita da bakinta ta sa aka cire sunanka daga littafin da suke bugawa na binnewa, a shafin da aka jera waɗanda Mazi ya koya wa kiɗa. Ta ce da kai ne na farko a jerin, da hotonku tare, domin shi ya bar wasiyya a sa ka a sama, yana ce maka ɗansa na hagu. An riga an buga, an ɗaure, an tura ƙauyensu can wajen Inugu. Ta ba ni guda ɗaya, na bar musu jitar na fito. Na buɗe shafin a cikin keke, sunaye tara, babu naka.

Yaya, wannan shi ne abin da na yi maka. Sun ce za su faɗi sunanka da baki ranar Asabar wajen binnewa, amma baki iska ne, littafin kuwa shi jikokinsa za su buɗe. Ba ni da yadda zan mayar da kai shafin nan. Kuma tun da na ɗauki alkawarin ba zan ƙara ɓoye maka komai ba, ga sauran: jiya da mai injin niƙa ya tayar da injinsa, sai na tsinci kaina tsaye a gaban sif na miƙa hannu sama. Na zauna na yi kuka, kuma ban iya rantsuwa cewa duk kukan naka ne ba. Wannan ya fi komai ba ni kunya. Ina roƙonka ka kira Mama Ikenna kafin Asabar, tana jiran muryarka, ita ma kunyarka take ji. Ni kuwa ka yafe mini don Allah, ko ba yanzu ba. In ka ga ba za ka iya ɗaga wayata ba na ɗan lokaci, ba zan ga laifinka ba.

Ka gaishe mini da Anti Haulatu, ka shafa mini kan Aslam da Baiwa. Inna tana sa maka albarka, ba ta san komai ba tukuna, da kaina zan gaya mata gobe. Yaya Ruwaida da mutanen unguwar Borokiri suna gaisuwa, Baban Ummi ma ya ce a gaishe ka, a kuma ba ka haƙuri a madadinsa. In ka je Harami ka sa ni a addu'a, ko da ranka a ɓace ne.

Wassalam.

Ƙanwarka mai laifi,
Siddiƙa, wadda ba ta ci sunanta ba.