Kada Inna Ta Ɗauki Ƙullin Da Ba A Kwance Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Jidda, cikin Jimada Sani.

Zuwa ga Yayana Abdussalami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ta kamaci ƙane ga wansa, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyalinka da duk mai kwana cikin gidanmu. Allah shi ba Inna sauƙi, shi jiƙan Baba, shi zaunar mana da ƙasa. Mujtaba, wanda zai miƙa maka wannan, ya gaya mani ruwa ya komo cikin tur'a, magudanar noman nan, bana, kun shuka dawa da riɗi a hawasha, gonarmu ta ban ruwa, kasuwar Suki kuma ta fara ci kamar dā. Na yi murna ƙwarai, don bayan gudun yaƙin da kunka sha bara ban zaci za ku ga amfanin gona da wuri haka ba. Ni lafiyata lau, in ka cire baya da gwiwa, su kuma sun daɗe da daina neman izinina kafin su yi ciwo.

Na zaɓi takarda ne don in na kira ka a waya ko dai maganar ta yanke, ko kuwa ka buɗe muryata gidan duka su ji, ni kuma raina shi ɓaci in faɗi abin da ban shirya faɗi ba. Maganar ta Inna ce. Ka san abin da likitan Sinja ya ce: yanar ido ta rufe na dama, na hagu na bin sawu. Likitan nan Jidda ya ce in ta zo da wuri ana iya ceto na hagun, wataƙila har na daman. Bizar umra ta fito, tata da ta ƙanwarmu Ramla, na kuma kama masu kujera daga Bur Sudan cikin Rajab. Inna da bakinta ta ce mani ba ta son kome a duniya yanzu sai ta ga Ɗakin Allah da idonta, ba a riƙe hannunta ana ba ta labarinsa ba. Kai ne babba, ba za ta fita gida ba sai ka ce ta fita. Ka kawo mani hanzari biyu, ga amsarsu.

Na farko, ka ce ba ka yarda da tayyara, jirgin sama, ba, gara ta bi jirgin ruwa daga Sawakin kamar yadda mutanenmu sunka saba. Yaya, shekara fiye da goma ina loda kaya cikin cikin jirage, ina rarrafe a wurin da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Ba ni da dalilin yabon wannan sana'a, ta cinye mani ƙuruciya. Amma abin da na gani da idona cikin shekarar nan ba zan ɓoye shi don ina jin haushi ba. An kawo sababbin jirage masu inji biyu waɗanda ke zuwa nisan da dā sai mai huɗu ke zuwa, ba su shan mai kamar tsofaffin, kuma in sunka taso kana iya jin abin da na kusa da kai ke cewa. Dā in jirgi ya wuce sai haƙoranka sun kaɗa. Motocin da muke jan kaya da su an fara sauya su da masu lantarki, na daina komawa ɗaki ina kakin baƙar majina. Jakar fasinja yanzu, in ya so, yana bin ta a wayarsa tun daga inda ya rabu da ita har ta fito. Wani ɗan kasuwa ya tsaya yana nuna wa ma'aikata wayarsa yana cewa ga jakarsa can bayan bango, aka duba, tana nan kuwa. Akwai ƙofofin da ke duban fuskar mutum su buɗe da kansu. Wasu jiragen kuma mutum na bisa gajimare yana magana da matarsa kamar yana zaune a zaure. Abokin aikina, wani ɗan Bangaladash, ya ce saura su ƙera injin da zai yi mana ciwon bayan, mu kuma mu karɓi albashi.

Mutane sun yi yawa a sama bana har masu ƙera jirage sun kāsa biyan masu saye, ana bin layi shekaru. A Riyad ma an kafa sabon kamfani. Amma abin da ya fi burge ni ba ƙarfe ba ne, hali ne. Kwanan baya wata yarinya da ba ta girmi Ramla ba ta sauko daga jirgi da rigar matuƙa, ta zagaya shi a ƙasa tana duba taya, tana leƙa inji, tana shafa nan da can kamar yadda Baba ke duba jaki kafin shi saya. Ta ga ɗan ɗigon mai ƙarƙashin fiffike, wanda ni da na kwana ina wucewa ba zan kula ba. Ta ce ba inda za su sai an duba. Fasinja sun yi ta gunaguni, manya na ta kiran waya, ita ko a jikinta. Da makanikai sunka gama, ta ce mana Allah shi ba mu lafiya, ta hau. Ka tuna direban bas ɗin da ya ɗauke mu zuwa Abu Na'ama da taya ɗaure da waya, yana cewa mu yi salati kawai? Shi ka yarda da shi. To waɗannan ma suna salati, amma sai sun duba tayar.

Na san ka ga hoton jirgin da ya faɗi a Indiya, kowa ya gani, mu nan kwana biyu ba mai iya cin abinci da daɗi. Ba zan ce maka ba ya faruwa ba, rai na hannun Allah a sama da ƙasa. Amma ranar da wancan ya faɗi dubbai sun tashi sun sauka ba wanda ya ɗauki hotonsu. Daga Bur Sudan zuwa nan, kafin jabanar gahawa ta huce an ƙetare bahar. A Sawakin kuwa za ta zauna kan tabarma tana jiran jirgin ruwa ranar da ya ga dama, sannan ta kwana bisa ruwa tana amai, mace mai hawan jini wadda ba ta ganin matakala. A filin jirgi keken marasa lafiya za a kawo mata, a tura ta har ƙofa. Kakannin kakanninmu sun baro Sakkwato da ƙafa suna nufin gabas, sunka tsaya bakin kogin garinmu don ƙarfi ya ƙare. Da an nuna masu abin da nake gani kullum, ba na jin za su ce gara wahala. Har Khartum ma na ji jirgin fasinja ya sake sauka bana, ranar sai da na koma bayan motar kaya na share ido, ni da nake cewa ƙasarmu ba ta bar mani abin kuka ba.

Na biyu shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutu. Na ce kada Inna ta karɓi saƙon kowa a ɗinke, ka ce wannan abin kunya ne, ba a taɓa yi ba a garinmu, wai zaman Jidda ya sa na manta yadda ake zama da mutane. Ban manta ba. Na san in mutum zai yi tafiya, tabarmarsa cika take da ƙulle-ƙulle tun kafin shi ɗaure nasa, na kuma san kwance ƙullin wani kamar ce masa ɓarawo ne. Ni ma da saƙon nan na rayu. Shekarar da na zo ban san kowa ba, wekar Inna ta garin kuɓewa da busasshen naman sharmut ɗin da ta aiko ta hannun mutane su sunka riƙe ni. Amma Uzairu ɗan Baffa bai gaya maku gaskiyar abin da ya same shi watannin baya ba, ya ce jirgi ne aka soke. Ya yarda in faɗa maka, don Inna.

Khala Maijidda, maƙwabciyarku, ta ba shi ƙulli ɗinke cikin farin ƙyalle shi kai wa ɗanta Ayman da ke nan. Ta ce ɗan garin kuɓewa ne da kayan ƙamshi. Gaskiya ta faɗa, sai dai a tsakiyar garin ta cusa batirin cajin waya, wanda yara ke kira fawa bank, da Ayman ya aiko mata, ya kumbura ya daina aiki, tana so shi mayar shagon da ya saya. Ta sa shi cikin gari don kada shi fashe. Uzairu ya jefa ƙullin cikin babbar jakarsa ya ba da ita. Na'ura ta gani, anka kira sunansa. Sunka tambaye shi mene ne a ciki, ya ce bai sani ba. Sunka ce wa ya ɗaure, ya ce maƙwabciya. Sunka ce to kwance, sai ya dafa ƙirji ya ce wallahi amana ce, shi ba zai kwance amanar tsohuwa ba, su ji tsoron Allah. Yaya, ka san Uzairu da murya. Kowace amsa tasa a garinmu amsar ɗan halas ce, a filin jirgi kuwa ita ce amsar da ake koya wa ma'aikaci shi ji tsoronta. Sunka shiga da shi ɗaki, sunka zazzage kayansa duka, garin kuɓewa har cikin gashin sojan da ya farke ƙyallen. Kafin su gamsu cewa wauta ce kawai, jirgi ya tafi. Ya yi kwanaki a masallaci a Bur Sudan yana neman wata kujera, da ya iso kuma an ba wani aikin da anka kira shi dominsa. Yanzu yana ɗakina yana wanke motocin mutane.

Ban ga laifin Khala Maijidda ba, ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba. Ban kuma ga laifin masu binciken ba, ko da yake na so in gani. A farkon shekarar nan wani jirgi ya ƙone ƙurmus a ƙasa a Koriya, Allah ya sa kowa ya fita da rai, kuma irin wannan batiri ake zargi. Tun daga nan kamfanoni sunka ƙara tsanani, wasu ma sun hana a yi caji da shi a cikin jirgi. An nuna mana yadda yake kamawa: ba ya jiran ashana, ruwa kaɗan ba ya kashe shi. In yana hannun fasinja, ma'aikata za su gani su yi maganinsa. In yana ƙasa cikin kaya, wurin da nake cusa jakunkuna, ba mai gani sai hayaƙi ya taso ƙarƙashin ƙafar mutane. Mutanen da ke tsayar da jirgi saboda ɗigon mai ba za su ƙyale ƙullin da mai shi ya ce bai san cikinsa ba, kuma don haka ne nake yarda in ɗora uwata a hannunsu.

Uzairu namiji ne, ya kwana a masallaci. Ka dubi Inna a wannan ɗaki, ba ta gani, ana yi mata tambaya, Ramla na kuka. In jirgin ya tafi ya bar ta, ranar likita ta wuce, kujera kuma cikin Sha'aban da azumi ba ta samuwa, idon hagun ba zai jira mu ba. Ban ce a ƙi saƙon kowa ba. Wanda ya kawo, shi kwance da hannunsa gaban Ramla, ta gani, a sake ɗaurewa. Abin da ke da batiri, ko turare mai yawa, ko gawayi, ko maganin da ba a san sunansa ba, shi koma da shi. Abin da ya yi nauyi shi jira Mujtaba, shi ta ruwa yake komowa.

Na san Inna ba za ta iya faɗin wannan ga matan da sunka yi mata zaman biki da na makoki ba, kai ma da su kake sallah. To kada ku faɗa da sunanku. Ka tsaya ƙofar masallaci ka ce Zakariya ne ya gindaya sharaɗi, ya ce in ba haka ba zai soke tafiyar. Ka ce na yi girman kai, ka ce ka yi mani faɗa ban ji ba. Su zage ni, ni ina nesa, ba zan gamu da su a rijiya ko a kasuwa ba. Ku da ke zaune da su ku fita da fuskarku, Inna kuma ta hau jirgi. Abin da nake jira gare ka kalma ɗaya ce, ka aiko mani ita a waya ranar da ka karanta.

Ka gaishe mani da Inna, ka ce ta sa mani albarka, ta kuma daina cewa a bar wa yara kuɗin aikin idon. Ka gai da matarka Hafsa, da Kausar da Mujahid, Allah shi raya su. Ka gai da Ramla, ka ce ta fara aron taurin ido tun yanzu. Ka gai da Baffa, kada ka gaya masa zancen wankin mota. Ka gai da Khala Maijidda da kyau, ka ce Ayman na lafiya, ya ce zai aiko mata sabo.

Wassalam. Naka ƙane,
Zakariya.