Kular Shinkafa Ta Dawo A Cike

Gate City Boulevard, Greensboro
Ƙarshen Disamba

Zuwa ga ƙawata Hajiya Sa'adiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji Ma'aruf da yara. Ya sanyi?

Ki ga abin da kika mayar da ni. Ƙofarki na kallon ƙofata, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar 'yar makarantar kwana. Na kira, ina jin wayarki tana kuka ta bango, ba ki ɗauka ba. Na ƙwanƙwasa, aka ce kina barci. Hajiya, yaushe kika fara barci da hantsi?

Kular shinkafa da naman akuya da na aiko miki ranar Kirsimeti na tsince ta a bakin ƙofata da yamma, a cike, ko cokali ba a sa ba. Akuyar nan Alhaji ne ya yanka ta da hannunsa a gonar Summerfield, maigidana Malachy na riƙe da ƙafafu, kamar yadda muke yi kowace shekara don ku ma ku ci. Haka babana yake yi a Kafanchan, ya kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka mana, haka ni ma na taso. Sama da shekara goma kina cin shinkafata ina cin naman layyarki. Me ya canja bana?

Ni dai ina da wadda nake zargi. Rahina matar Faruk, tun da ta tare a saman bene nake lura da ita. Ko ruwa ba ta sha a gidana, kuma na ga ku biyu kuna ƙus-ƙus a wurin ajiye motoci. In ita ce take hura miki kunne, ki faɗa mini in sani. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ki gaida Alhaji.

Taki,
Martha

*

Zuwa ga Maman Desmond,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga takardarki. Duk muna lafiya, alhamdu lillahi.

Ki cire Rahina daga wannan magana, ba ta ce mini komai ba. Idona ne ya gani.

Da safiyar Kirsimeti kin aiko mana masa da zuma, muka ci, muka gode. Da na dawo miki da faranti, na shigo kicin kamar yadda na saba, da sallama amma ban jira amsa ba. Na same ki gaban eya-firaya, injin suyar nan, kin jawo durowarsa. A ciki akwai ƙaton nama, an tsattsaga bayansa gida-gida, an soke shi da kanumfari, yana ƙyalli. Gefen da aka yanka jajir ne, irin jan da ban taɓa gani a dafaffen naman akuya ko na saniya ba. Kina ganina kika tura durowar da gwiwa, kika tsaya a gabanta kina tambayata lafiyar yaran da kika gani da safe.

Maman Desmond, ni ba yarinya ba ce. Ina wucewa ta gaban irin wannan nama a manyan kantuna.

Ranar da muka fara zama maƙwabta, ke da bakinki kika ce mini naman alade ba ya shiga kicin ɗinki, don kin tashi cikin Musulmi kuma kina so kowa ya ci a gidanki da kwanciyar rai. A kan wannan magana na ci abincinki shekara da shekaru, na ba 'ya'yana. A injin nan kike soya naman da kike aiko mana, na sani.

Ban hana ki cin abin da addininki ya halatta miki ba. Ɓoyewar ce ta tsaya mini a rai. Tun ranar nake kwance ina tambayar kaina: wannan ne karo na farko, ko kuwa karo na farko da na shigo a kan gaɓa?

Na bar ki lafiya.

Sa'adiya Ma'aruf

*

Hajiya,

Ina gaisuwa. Yau kuma na koma "Maman Desmond", ke kin koma "Sa'adiya Ma'aruf", sai ka ce takardar kotu. To madalla.

E, naman alade ne. Ba zan ce miki talotalo ba ne. Sunansa gamon, cinya ce da ake jiƙawa a gishiri, abincin Kirsimetin mutanen Ingila. Kin san surukata Nikola, matar ɗana Desmond, da ya auro lokacin yana karatu can. Wannan ce Kirsimetinta ta farko nesa da uwarta, ga ciki ya tsufa. Na same ta a falo tana hawaye, na ce lafiya, ta ce ƙamshin gamon na mamarta take tunawa. Ke ma uwa ce. Kin taɓa hana mai ciki abin da ranta ya biya? Ke da kika tashe ni na je neman ɗanyen mangwaro cikin dusar ƙanƙara lokacin cikin autarki?

Desmond ya yi odar naman. Ni kuma na ce ba zai taɓa kayana ba. Na shiga mota na tafi kantunan titin Wendover na sayo sabon eya-firaya, sabuwar wuƙa, sabon katakon yanka, sabon kwano, sabon buroshin shafa, har soson wanke-wanke. Malachy yana ta yi mini dariya, wai na yi wa alade kayan ɗaki. Na so in kunna injin a baranda, ruwan sama ya hana, shi ya sa kika gan shi a kicin.

Tunda kin ga ƙarshensa, bari ki ji farkonsa, don ki san inda hannuna ya bi. Na jiƙa shi a sabon kwano don gishiri ya ragu. Da asuba na tsane shi, na naɗe shi a foyil, takardar gashin nan mai ƙyalli, na sa a injin ya daɗe yana dahuwa a hankali. Da ya nuna na buɗe, na ɗaye fatar, na tsattsaga kitsen, na soka kanumfari, Nikola na zaune tana nuna mini yadda mamarta ke yi. Sai na shafa wa naman haɗin zuma da jan sukari da mastad, wani abu rawaya mai ɗan yaji, na mayar ya yi ƙyalli, na sake shafawa. Yana cikin injin kika shigo daga baya. Ko ɗanɗanawa ban yi ba, ni ban iya cinsa ba, cikina bai saba ba.

Naman akuyarki a tsohon injina na soya shi, wanda kika sani, mai tsagaggen mariƙi. Babu abin da ya haɗa su, ko ɗigo. Wannan ne karo na farko, kuma Allah shi ne shaida.

Me ya sa na tura durowa? Kunya da tsoro. Na san yadda za ki kalle ni, kuma haka kika kalle ni. Amma a ce bayan duk zamanmu ki ɗauka na daɗe ina ciyar da 'ya'yanki haram? Wannan ta fi mayar da kular ciwo.

Na janye maganar Rahina, ko da yake har yanzu ban yarda da ita ba.

Taki, ko kin so ko kin ƙi,
Martha

*

Farkon Janairu

Maman Desmond,

Ina amsa gaisuwa. Allah ya sauki Nikola lafiya. Da kin faɗa mini tun farko, da ni ce zan ce ki dafa mata.

Na karanta takardarki har sau nawa. Ba zan ce ban ji sanyi ba. Amma zuciyata ba ta daina tambaya ba, kuma gara in faɗa miki da in riƙe. Injin da na gani baƙi ne, naki na da ma baƙi ne. Ban duba mariƙi ba. Wurin wanke-wanke ɗaya ne a kicin ɗin. Tawul ɗin goge hannu fa? Murfin kwalabe da kika taɓa hannunki da maiƙo? Kin ce kin tashi da asuba. Don naman ya nuna da wuri ne, ko don ƙamshin ya fita kafin mu farka? Da ban shigo ba, za ki taɓa faɗa mini? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ba ta bari in yi barci.

Na kai maganar ga Alhaji. Ya ce abin da mutum ya ci bai sani ba babu laifi a kansa, kuma maƙwabciyar da ta rantse da Allah a karɓi rantsuwarta. Ya ce in daina bincike kamar 'yar sanda. Na ce masa ni ba zunubi nake tsoro ba. So nake in san ko zan iya sake kai loma bakina daga tukunyar Martha ba tare da na shinshina ba.

Ga abin da nake roƙo. Shinkafa da nama ba mu ci ba, wannan ya wuce. Masa da zuma kaɗai muka ci a ranar, kuma masa ba ta shiga injin kowa. Ki zauna ki natsu, ki bi safiyar nan a ranki daga farko har ƙarshe. In kin tabbata babu abin da ya shiga bakinmu da ya taɓa naman nan, ki rubuto mini layi ɗaya. Zan karɓa, in zo da kaina in ɗauki kula, magana ta mutu.

Ki gaida Baban Desmond.

Sa'adiya

*

Sa'adiya 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, amma yau ban san da wace fuska ba.

Na rubuta miki layin nan ɗaya da kika nema. Wallahi na rubuta, har na naɗe takardar. Na ce bari in sha shayi kafin in tura. Na ɗauko kwalbar zumar Kachia da ƙanena ya aiko mini, wadda nake zuba miki a kan masa kowace shekara. Na buɗe, sai na ga kanumfari ɗaya yana yawo a sama, da wani ɗan rawaya-rawaya na mastad a bakin kwalbar. Na nemi kujera na zauna.

Na sayi sabon komai, ban sayi sabuwar zuma ba. Haɗin da na yi a kwano bai isa ba, naman ya shanye. Nikola na cewa in ƙara, injin na ƙara, masa na kan wuta tana neman ƙonewa. Na tsoma buroshin kai tsaye cikin kwalbar, buroshin da ya riga ya bi ta kan kitsen. Ina jin sau biyu ma. Bayan nan na tsiyayi zumar a ƙaramin kofi na ɗora a farantinki. Ban tuna ba sam sai yau da na gani da idona.

Kun ci, Sa'adiya. Ke da Alhaji da yara. Daga hannuna.

Malachy ya ce in zubar da kwalbar in tura takardar farko, wa zai sani, kuma Alhaji da kansa ya ce babu laifi. Na tsaya gaban kwandon shara da kwalbar a hannuna, ba zan yi miki ƙarya ba, na daɗe a tsaye. Ina so ki dawo. Ɗakin nan ya yi mini shiru, babu mai shigowa ta buɗe mini tukunya ta ce gishiri ya yi yawa. Amma na hango ki kina cin shinkafata kina godiya, ni kuma ina kallonki na san abin da na sani. Ba zan iya ba.

Na rantse miki babu ko ɗigo, ga shi akwai. Na yi miki tsiwa, ashe ke ce da gaskiya. Tambayarki kuma, ko da zan faɗa miki in ba ki shigo ba: a'a, ban yi niyya ba. Don ƙamshin na tashi da asuba.

Maganar shekarun baya tana nan yadda na faɗa, amma na san yanzu rantsuwata ba ta da nauyi a wurinki. In kin ɗauke ƙafa ba zan ga laifinki ba. Ki dai yafe mini, ki roƙar mini Alhaji.

Martha

*

Ƙarshen Janairu

Yaya Martha,

Ina gaisuwa. Ya mai ciki?

Ranar da na karanta takardarki na kasa cin komai. Na yi kuka, na yi fushi da ke, kuma har yanzu da saura. Zumar Kachia kam ni da ita har abada.

Na yi ta neman dalilin da zai sa ki faɗa mini abin da babu yadda za a yi in gano, bayan na riga na buɗe miki ƙofa. Na juya shi ta kowace fuska, kin san halina. Ban samu komai a ƙarƙashi ba sai gaskiya.

Ranar Lahadi in kun taso daga coci ki dafa mana shinkafa, yara sun dame ni. Ki dafa a kicin ɗinki, da tukwanenki. Ba zan shigo in duba ba.

Ki rage gishiri.

Taki,
Sa'adiya