Sunan Maharazu a Lasifika

Juma'a, 9 ga Maris, 2012

Taron farkawa ya fara. 'Yan'uwa sun zo daga Gummi da Bukkuyum, coci ya cika har waje. Wata goma sha huɗu ina Anka ina ɗibar jinin yaran da gubar dalma ta kama, ban taɓa ganin rabin fuskokin nan ba. Yau kowa ɗan'uwana ne. "Yallaɓai, ba ni lambarka." Mutum shida. Huɗu aiki suke nema wa wani nasu. Ban ga laifinsu ba, ni ma ta haka na samu. Amma a daina kiran abin zumunta.

Matata Zinariya ta kira daga Kagoro, yara na tambaya yaushe zan zo. Na ce bayan Ista. Haka na ce bara.

Asabar, 10 ga Maris

Mai wa'azin da aka gayyato daga Jos ya raba ƙananan katuna: kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya da zai kawo ga Yesu bana. Masu wayo suka rubuta ƙannensu mashaya da ke can gida. Ni wa na sani? Maharazu kaɗai, mahaucin bakin tasha, wanda ya yi ta aiko mini da romo kwana tara lokacin da taifod ta kwantar da ni. Na rubuta shi, har da inda yake zama, na jefa a kwandon da ake tara katunan. Na ɗauka ɗaga kwandon za a yi, a yi addu'a a kai.

Sai mutumin ya fara karantawa. A lasifika. Babbar nan da aka ɗaure a kan darbejiya tana kallon titi. Magaji, dattijon cocinmu ɗan Zuru, ya miƙe yana masa alama da hannu, bai kula ba. "Maharazu mahauci, bakin tasha! Bana naka ne, ya Ubangiji!"

Aka ce amin. Ni ban ce ba.

Litinin, 12 ga Maris

Mai wa'azi ya koma Jos, yana cewa an girgiza Anka. Shi dai ya tafi.

Talata, 13 ga Maris

Na bi ta tasha da la'asar, ta ɗaya gefen titi. Naman Maharazu na rataye yadda aka yanka shi da safe. Ƙudaje ne kawai masu saye.

Magaji ya ce magana ta zaga gari, wai Maharazu da kansa ya kai sunansa coci. Kuma wanda ya bar addini ba a cin yankansa. Shekara ashirin Magaji yana garin nan, ya san wannan. Ni da ke cin naman kullum ban sani ba.

Laraba, 14 ga Maris

Sau biyu na kuskure jijiyar wata yarinya daga Tungar Daji. Uwar ta sake miƙo mini hannun yarinyar. Da ma ta zage ni.

Ba mugunta na yi ba. Abin da na fi ƙauna na so masa. Na rubuta wannan, na karanta, bai sa na iya cin abinci ba.

Alhamis, 15 ga Maris

Na je. Maharazu na wasa wuƙa, bai ɗago ba.

"Ɗan Kagoro, mi na yi maka?"

Na fara bayani, kati, kwando, ban san za a... Ya ce in bari. Surukinsa ya aiko a tambayi matarsa ko yana sallah a gida. "Ni, Maharazu, sunka tambaya ko ina sallah."

Abin da ba zan manta ba: "Ni ma ai kullum bayan asuba ina roƙon Allah Shi shirye ka. Ka taɓa ji na a lasifika?"

Juma'a, 16 ga Maris

Ni da Magaji muka sami Sarkin Fawa a rumfarsa bayan an sauko daga masallaci, mahauta cike da wurin. Na ce ni na rubuta, Maharazu bai san komai ba, ko ƙofar cocinmu bai sani ba. Wani ya ce, to don mi shi? Na ce don shi ne ya yi jinyata.

Tsohon ya daɗe yana kallona. "Wato ladan romo ke nan." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ya tashi da sandarsa har teburin Maharazu, ya ce a yanka masa hanta a gasa. A tsaye ya ci, kowa na gani.

Maharazu bai dube ni ba. Hakkinsa ne.

Asabar, 5 ga Mayu

Gummi, taron Zumuntar Maza. An sake raba katuna. Na je na tsaya kusa da mai kula da lasifika har aka gama, Magaji yana mini dariya. Nawa katin yana aljihu, fari. Ban daina yi wa Maharazu addu'a ba, shi ma na san bai daina ba.

Na dawo na tarar da ƙullin balangu a ƙofar ɗaki, yaji ya yi yawa kamar yadda Maharazu ya saba. Zinariya ta kira, ina nake? Na ce na iso gida. Ta ce, wane gidan? Gajiya ce kawai.