Kaset ɗin Panama don Ilu

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Greensboro. Ina fatan kina lafiya, ya jikin Inna, ya maigida da yara? Mu nan lafiya lau.

Kaset ɗin bikin Zainabu ya iso. Da 'ya'yana na kalla, sai ga Ilu ɗan Kawu yana ba mutane labarin ranar da ya jijjiga kwalekwale a Gaya ina ihu ina kiran Inna. Kowa na dariya, har nawa 'ya'yan. Yaya, abin ya ci min rai.

Shi ya sa da maigidana Baban Amina ya samu hutu na ce jirgin ruwa za mu shiga. Mun ratsa mashigin Panama. Aka rufe mu tsakanin manyan ƙofofin ƙarfe, ruwa ya ɗaga jirgi mai girman unguwarmu. Ina tsaye a gaba, ko gezau, ana ɗaukata a bidiyo.

Ga kaset nan tafe. Ranar Sallah ki tara dangi, ki zaunar da Ilu a gaba. In ya miƙe, ki riƙe masa riga.

Ki gaishe da Inna da kowa. A sa mu a addu'a, shi ma Ilu Allah ya ja kwanansa har ya gani.

Ƙanwarki,
Rabi